Cokalin Shayi da Zoben Tangaran

Ranar Talata da la'asar matata Sittana ta ɗauki cokalin shayi, ta ƙwanƙwasa aikin da na kwashe kwana tara ina yi, ta ce, "Wannan fasasshe ne."

Idan ka tambayi mutumin Khartoum ranar da duniya ta juya masa baya, rana ɗaya kowa zai ambata, ta cikin azumin nan da aka fara harbe-harbe. Ban musa wa kowa ba. Tawa dai ta riga tasu da shekara guda, kuma da cokali aka yi ta.

Sunana Mainasara. Mahaifina ya zaɓi sunan tun kafin ya ga yadda al'amarin zai kaya. Shekara talatin da ɗaya na yi a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a Bahri, a kan injin washi, ina rage wa ƙarfe kauri har ya zo daidai da abin da takarda ta ce. Kullum da safe in haye gada daga Umdurman da littafi a hammata, da yamma in dawo na ci shafi goma, hancina cike da ƙurar ƙarfe. A unguwa Usta ake ce mini, wato gwanin sana'a, kuma kowa ya san Usta Mainasara bai taɓa ɓata aiki ba. Ni na fara yaɗa wannan magana, amma da ta daɗe sai mutane suka ɗauka tasu ce. Ban da ita ba ni da wani abin nunawa. Gidan na gado ne, 'yarmu ɗaya Rawan ta yi aure can Kassala, littattafan kuwa babu wanda ya taɓa zuwa aro.

Unguwarmu rijiyar burtsatse ɗaya take sha, da wani tsohon injin jan ruwa wanda ya girmi rabin masu shan. A cikinsa akwai wani farin zobe, faɗinsa kamar awarwaron yarinya. Na tangaran ne, amma ba irin na kofin shayi ba. Wannan an gasa shi a wutar da za ta narkar da ƙarfe, ya fito ya fi ƙarfen tauri. Injiniyoyi siramik suke ce masa. Aikinsa ya haɗa fuska da wani baƙin zobe mai juyawa, su manne sosai, kada ruwa ya bi ta tsakaninsu ya tsere. Shekara da shekaru yashin rijiya yana cinsa, ran nan ya gaji ya tsage. Kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da rufewa, a wata ƙasa wadda na ji ita ma ta canza suna. Unguwa ta koma bin masu jakuna da ganga, mata suna layi tun hantsi, ruwan kuma launin shayi da madara.

Shugaban kwamitin unguwa shi ne Idirisu, yayan Sittana, tela a Kasuwar Umdurman. Abu biyu bai taɓa yafe mini ba: auren ƙanwarsa da karatu. Shi ya yi kwana uku yana zaga kasuwar Suk al-Shabi, ya dawo da zobba biyu a cikin safa, ya zube su a tiren kofinmu.

"Ga su, Usta. Iyakar abin da ya rage a garin nan ke nan. Sun ɗan yi girma, sai ka rage musu."

"Kamar wando?"

"Kamar wando mana. Ko littattafan ba su kai wannan shafin ba?"

Na ce masa nan da kwana goma unguwa za ta sha ruwa. Na faɗa da ƙarfi don maƙwabta su ji ta katanga. Muna cikin haka Sittana ta ɗauki zobban ɗaya bayan ɗaya, ta rataya kowanne a ɗan yatsa, ta buga masa cokali, ta ajiye. Ban kula ba. Uwarta Laraba randa da tukwane ta sayar a kasuwa har ta rasu, kuma duk 'ya'yanta haka suka taso, ba sa ganin abu su bar shi bai yi ƙara ba. Kankana, kwano, ƙofar maƙwabci, har kan miji in ya matso kusa.

Wanda bai taɓa wasa tangaran ba bai san ƙarfe mutumin kirki ba ne. Ƙarfe yana magana. In ka matsa masa ya yi tartsatsi, in ya ji zafi ya yi shuɗi, in ka zalunce shi ya lanƙwashe ya nuna maka wurin. Tangaran kuwa fari ka same shi, fari za ka bar shi. Ba ya lanƙwasa, ba ya canza fuska. Yana karɓar wulaƙanci da fara'a, ya adana a ciki, sai ranar taro ya fashe.

Dutsen washi na yau da kullum ba ya cinsa, shi ne ma yake cin dutsen. Sai da Salahuddin, mai warsharmu, ya fito da wani faifan washi mai ƙurar lu'ulu'u a baki, wanda yake ɓoyewa a akwati ɗaya da takardar aurensa. Maganaɗisun teburin injin, da ke riƙe ƙarfe ƙam, bai san da zaman tangaran ba, don haka na manna zoben a kan farantin ƙarfe da kaki. Sannan aka fara. Duk wucewa ɗaya, abin da faifan zai ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashi ba. Ba ma yanka yake yi ba. Kowace ƙwayar lu'ulu'u ɗan mitsitsin guntu take ɓallowa, wato fasa zoben kake yi, amma da ladabi, kana roƙon Allah fashewar ta tsaya inda ka ce. Ruwan sanyayawa dole ya riƙa kwarara a kai babu yankewa, yana gangarowa fari kamar nono. Ga kuma wutar lantarki, wadda ke zuwa kamar surukar da ba ta son gidan: ta leƙo, ta gaisa, ta tafi.

Bayan washi sai gogar fuska, da hannu, a kan faranti da ɗan man lu'ulu'u, kana zagayawa har kafaɗa ta mutu. A rana ta tara na duba fuskar zoben na ga gashin hancina ɗaya-ɗaya. Na auna ta ko'ina, daidai. Na naɗe shi a hankici na kai gida, ba don komai ba sai don a gani.

Aka kuwa gani. Ta buga cokali, ta faɗi abin da ta faɗa.

"Me kika ce?"

"Fasasshe ne, Abu Rawan. Ran da Yaya ya kawo su, dukansu biyu tiiin suke cewa. Wannan yanzu tak yake cewa, ya yi shiru."

"Na rage masa jiki. Dole murya ta canza."

"In ka rage wa abu jiki muryarsa canzawa take yi. Ba ta mutuwa."

Na yi mata bayani. Na ɗauko littafi na nuna mata zane. Na kawo gilashin ƙara girma na ce ta nuna mini tsagar da yatsanta, ta ce ita ba ta ce ta gani ba. Na ce mata wannan ba randar Hajja Laraba ba ce, ilimi ne, mutane sun yi furfura a kansa. Ta saurara har ƙarshe tana soya kofi a kasko, sannan ta ce, "To. Allah ya sa littafin ya riƙe ruwa."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka haɗa injin. Almahdi, abokin aikina a warsha, shi ya ɗaura komai. Idirisu ya kafa rumfa, ya aro kujeru da lasifika, ya ɗinka wa kansa sabuwar jallabiya, ya naɗa rawanin da zai isa a yi wa ɗaki labule. Aka kunna. Injin ya ɗauka, mata suka yi guɗa. Idirisu ya tsaya daf da injin don a gan shi da shi, ya fara jero sunayen 'yan kwamiti. Yana kan na huɗu aka ji tas. Ruwa ya fito ta inda bai kamata ba, da ƙarfinsa, ya sami shugaba a ƙirji, ya hau ya kwance rawanin ya kai shi layin kujeru na biyu. Da Almahdi ya kashe ya buɗe, zoben ya rabu gida uku.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Usta bai taɓa ɓata aiki ba. Tarawa ya yi, ya yi mana gaba ɗaya."

Idirisu ya zo yana matse rawani a kan takalmina. "Saura ɗaya, mijin ƙanwata. In ka fasa shi, ka nemi jaki ka fara kawo mana ruwa da kanka."

A gida na jira Sittana ta ce ai ta faɗa. Da ta faɗa, da na sami abin yin faɗa a kai, da na huce. Ta zuba mini abinci ta tambaya ko gishirin ya ji.

Washegari na sa gutsattsarin a ƙarƙashin gilashi. Fashewar jiya fara ce tas. Amma a ƙarƙashin fuskar da na goge akwai wani ɗan wuri kamar farce, wanda ya yi duhu, ruwan washi ya shiga ya zauna a ciki. Tsohuwar tsaga ce, kuma a hannuna aka haife ta. Na zauna ina tuno kwanakin ɗaya bayan ɗaya, har na isa rana ta shida.

A bangon da injina yake, soket ɗaya ne mai aiki. Shi ɗan injin da ke turo ruwan sanyayawa yake sha, shi kuma butar shayi take sha. Shekara ashirin, da ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, lokacin fatur, abincin hantsin da ko gobara ake yi ba a ɗaga shi, Almahdi yakan zare na ruwan ya soka na buta. A kan ƙarfe ba komai, ka ga tartsatsi ya ƙaru ka ɗan sassauta. Ran nan ruwan ya ɗauke ina tsakiyar wucewa. Na ce bari in ƙarasa wannan. Na ƙarasa, na ga babu abin da ya faru, na ƙara ɗaya. Buta ta tafasa, Almahdi ya mayar da waya, ruwa mai sanyi ya sauka a kan zobe mai zafi. Zoben bai ce uffan ba. Ni kuma na sha shayin, kofi biyu.

Na ce wa Salahuddin a sa wani soket. Ya ce za a duba. Na ce wa Almahdi a daina zare wayar. Ya ce, "Usta, shayi ya riga wannan injin zuwa warshar nan." A ƙarshe murhun gawayi na ɗauko daga gida na kai musu. Kwana goma sha ɗaya suna shan shayi suna kallona kamar na kashe wani.

An gama da buta, amma babbar matsalar tana nan. Zobe ɗaya ya rage, kuma ba ni da hanyar sanin ko na tsaga shi, tunda ba ya nunawa. Akwai wani jan ruwa da ake shafawa ya shiga tsaga ya tona mata asiri. Salahuddin ya ce ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya, a hoto. Na saci cokali na shiga bayan warsha, na rataya zoben a yatsa na buga. Na sake bugawa. Shekara talatin da ɗaya na ƙarar inji sun bar mini kunnen dama da ke jin rabin magana, da na hagu da ke fito shi kaɗai dare da rana. Tiiin da tak duk ɗaya ne a wurina.

Mai hankali ya san abin da zai yi a nan. Ni kuwa na tafi kasuwa.

Na bi layin masu tukwane har ƙarshensa, na zaɓi tsohuwar da ta fi kowa tsufa, wadda nake ganin ko jikokinta ba ta ganewa.

"Hajja, ki ɗan buga mini wannan ki ji."

"Na sayarwa ne?"

"A'a."

"Na ci ne?"

"Na injin ruwa ne, Hajja. Ina so in san ko lafiyarsa lau."

Ta buga da zoben hannunta, ta kara a kunne. "Murya da daɗi. Amma ni ban san yadda yake magana da can ba, ɗana. Tukunya ma sai na ji 'yan uwanta kafin in yanke mata hukunci. Wa ya ji shi tun yana sabo?"

Na miƙa hannu in karɓi zobena. Ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"Kai ba mijin Sittana 'yar Laraba ba ne? Wanda ya yi wa Idirisu wanka?" Ta juya ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. "Mawahib! Zo ki ga mutumin da ya bar kunnen Laraba a gida ya zo nan yana roƙo!"

Mota ɗaya ce tsakanin kasuwa da gidanmu, amma labarin ya riga ni. Na sami Sittana tana tsince shinkafa.

"An ce ka je sayen randa. Ina take?"

"Ban ga mai kyau ba."

"Ai ba a gani. Bugawa ake yi."

Daga ranar na shiga dabara. Kullum da yamma in ɗumama kakin a hankali in ɓamɓare zoben daga faranti, aikin da yake ci mini awa guda, da safe kuma in sake mannawa in sake daidaitawa. Na ce wa Almahdi tsoron ɓarayi nake yi. In na isa gida sai in ajiye zoben a tiren kofi, kusa da cokali, in buɗe littafi in rufe fuska. Ranar farko ta ɗauke cokalin. Rana ta biyu na ajiye cokali biyu, ta ɗauke duka ta ce na gode da ka tuna mini wanke-wanke. Rana ta uku ta sauke jabana daga kan gawayi, tukunyar kofin nan mai zagayayyen gindi da ba ta zama sai a kan gammo, ta nufi zoben da ita tana tururi.

"Ummu Rawan! Zafi!"

Ta tsaya da jabanar a sama. "Af. Ashe da ni ake maganar zoben?"

"Ni ban ce komai ba."

"Ni ma gammo na gani."

Ta ɗora ta a kan gammonta na gaskiya, wanda duk wannan lokaci yana cikin ɗaya hannun nata.

Washegari da sassafe ina wanke fuska a bayan katangar banɗaki, na ji cokali ya taɓa wani abu. Shiru. Sannan na ji muryarta, da ƙarfi yadda kunnen dama zai kama, tana watsa wa tattabarunta dawa.

"Ku tattabaru, ku gaya wa mai littafi yau lafiya lau."

Na fito ina goge gemu, na ce wa tattabarun na ji.

Haka muka yi ta yi. Ni ban roƙa ba, ita ba ta ba ni ba, tattabaru suka yi ƙiba. Idirisu kuma kullum sai ya biyo da yamma ya tambayi lafiyar wandon. Unguwa ta shiga mako na biyar babu ruwa. Gaisuwar da ake yi mini a hanya ta gajarta, daga tambayar iyali da aiki da gajiya ta koma ɗaga hannu, wasu ma hannun yana riƙe da jarka.

A safiya ta bakwai cokalin ya buga sau huɗu maimakon ɗaya. Na tsaya da sabulu a ido.

"Ku gaya masa akwai ɗan kaushi a muryar, ta gefe guda. Ba tsaga ba ce tukuna, shawara take yi. Na sa masa kwalli a wurin."

A warsha na sa gilashi a kan ɗigon kwallin. A bakin zoben, daidai inda faifan yake fita in ya gama wucewa, wani ɗan guntu ya ɓalle, bai kai ƙwayar gishiri ba. Daga gindinsa wani siririn layi ya fara tafiya ciki. Gefen fita shi ne inda tangaran ba shi da mai tokare masa baya, wannan yana cikin littafin, a shafin da na ja wa layi da jan biro shekara goma da suka wuce. Allah ya sa akwai sauran kauri. Na cinye wurin a hankali har layin ya ɓace, na zauna da ɗan dutsen lu'ulu'u na kashe kaifin bakin zoben gaba ɗaya da hannu, ciki da waje. Ya ƙara mini kwana biyu. Idirisu ya ce shi a kwana biyu yana ɗinka wa gida guda kayan salla. Na ce shi ya sa duk unguwar hannun dama ya fi na hagu tsawo.

A safiya ta goma sha ɗaya ba ta ba tattabaru saƙo ba. Ta buga, ta saurara, sannan ta ce da bakinta, "Tiiin," ta ja shi har numfashinta ya ƙare.

A hanyar Bahri ran nan ban buɗe littafi ba. Na yanke shawara, tsakanina da Allah, zan faɗi sunanta a gaban jama'a. Na zauna na rubuta jawabi shafi huɗu. Maganarta na sa a ƙarshen shafi na huɗu, don duk wanda ya yi karatu ya san abu mafi muhimmanci a ƙarshe ake ajiye shi, bayan an share masa hanya.

Wannan karon babu rumfa. Idirisu ya zo da tsohuwar jallabiya da lema, ya tsaya can bayan katanga. Almahdi ya kunna, ya ja baya. Injin ya ɗauka. Minti ɗaya, biyu, biyar, ko ɗigo bai tsere ba. Almahdi ya ce kafin ruwan ya hau tanki ya sauko kan famfuna za a yi kamar kwatan awa. Na lissafa kwata ya ishe ni, na karɓi lasifika.

Shafi na ɗaya tarihin unguwa ne, da kakanninmu da suka taso daga yamma za su hajji suka yada zango a bakin kogi, har yau ana zangon. An saurara. Shafi na biyu halayen tangaran ne. Ina tsakiyar bayanin dalilin da ya sa ba ya lanƙwasa, famfon farko ya yi tari, ya tofa iska, ya saki ruwa. Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba sai daga baya, kuma daga bayan ba na dariya ba ne. Maza, mata, limamin unguwa da bokiti, Idirisu da lemarsa a buɗe. Na ɗaga murya na tsallake zuwa shafi na uku. Na hango Sittana a cikinsu da jarka biyu, tana ture wata da kafaɗa. Gidanmu ma mako shida ke nan babu ruwa. Wani ya taka wayar lasifika. Ya rage ni da wani tsoho kurma da ke gyaɗa kai tun shafi na ɗaya.

Sunana ya dawo, har ya fi da. Tsohuwar da ta yi mini ba'a ta aiko da kwanon dabino. Idirisu ya ce a gaban mutane, "Yau dai littafi ya yi rana." Na karɓa. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u na karɓa.

Da yammar ta kawo kofi, da ruwan rijiyarmu aka dafa. Takardun suna leƙowa daga aljihuna.

"An ce jawabin shafi huɗu ne. Me ke cikin na huɗun?"

Babu kowa a gidan sai mu biyu da tattabaru. Na daɗe ina tunanin abin da ya riƙe mini harshe, kuma na gano shi. A gaban jama'a maganar kyauta ce, ni ne mai bayarwa, har a yaba mini. A tsakar gida kuwa ban haƙuri ce.

Na ce, "Godiya ga kwamiti."

Ta ce, "Sun cancanta," ta zuba mini kofi.

Na ce a raina zan jira wani taron. Salla ta zo, na ga taron na addu'a ne, bai dace ba. Aka yi bikin 'yar Almahdi, masu kiɗa ba su bar lasifika ba. Rawan ta samu ciki, na ce yawwa, ranar suna, ga dangi duka, ga Idirisu a layin gaba. Na sake kwafe shafi na huɗu da rubutu mai kyau.

Saura wata biyu haihuwar, Sittana ta kwanta ciwo. Kwana huɗu ta yi. A uku na ƙarshe ba ta gane kowa.

Ban taɓa ganin taro irin na zaman makokinta ba. Rumfa ta rufe titi daga wannan kai zuwa wancan. Masu tukwane suka zo layi guda, mutanen warsha, duk wanda ya taɓa ɗibar ruwa a famfon nan. Na ce to, ga jama'ar. Amma makokinmu ba wurin jawabi ba ne. Duk wanda ya shigo hannu yake ɗagawa tun daga nesa ya ce Fatiha, kai ma ka miƙe ka ɗaga naka, ku shafa, ya rungume ka. Sau nawa na gyara murya na ce, "Jama'a," sai wani ya ɓullo da hannuwa a sama. Kwana uku ina miƙewa ina zama. A rana ta ukun na kusa, har mutane sun fara juyowa, sai Idirisu ya faɗo a kafaɗata yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ka riƙe ta da kyau, Usta, ka riƙe ta da kyau." Na riƙe shi. Aka naɗe rumfa.

Bayan wata uku aka fara harbe-harben nan, jama'ar da nake jira ta watse, kowa ya bi inda mota ta nufa. Warshar an ce ko ƙofa ba a bari ba. Ina Kassala yanzu a ɗakin da mijin Rawan ya ba ni, ana kula da ni kamar tsohon agogo. Waɗanda suka zauna a unguwar sun ce injin ya yi ta ba su ruwa duk ranar da aka samu wuta ko man janareta, a watannin da babu wani ruwan, kuma bai taɓa ɗiga ba. Har yau in suka kira waya sai sun ce Allah ya saka wa Usta. Nakan ce amin.

Ga abin da ke ƙarshen shafi na huɗu. Jama'a, hannun nawa ne, amma kunnen na Sittana 'yar Laraba ne. Ta faɗa mini gaskiya na ƙi ji, na jiƙa muku shugaba, ta sake taimakona ban roƙa ba. Duk wanda ya sha ruwan nan, ita zai gode wa. Ni ne na farko.